Jan Tankin da Na Ɗora a Sama

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare, sha biyu daga ciki ni ce shugaba, saboda haka ban saba a nuna mini inda abu zai zauna ba. Ni nake nunawa. Da wannan halin na sauka Alƙahira a ƙarshen 2013, na je jegon 'yata ta fari. Mijinta ɗalibi ne, yana karatun fiƙihu, kuma cikin ya zo mata da laulayin da likita ya hana ta tafiya gida wanka. Tunda ba za ta zo ba, sai ni na haɗa kanwa da busasshen ganyen darbejiya na bi ta.

Yaron bai cika watanninsa ba, saura sati huɗu ya fito. Da aka miƙo mini shi na ce, wannan ne mai gidan nawa? Ko kazar Sallah ta fi shi nauyi. Dariya aka yi, amma ni ban yi ba, don na ga yadda haƙarƙarinsa ke ɗagawa. Abu ɗaya likita ya nanata kafin a sallame su, kuma 'yata ta fassara mini shi: kada sanyi ya taɓa yaron nan, ɗakinsa ya zauna da ɗumi safe da yamma. Sanyin shekarar kuwa ko Misirawan kansu kuka suke da shi. Ni dai ban taɓa jin irinsa ba, har cikin haƙori yake shiga.

Gidan yana unguwar Abbasiya, hawa na huɗu a wani tsohon bene. Mai shi dattijo ne da ya daɗe yana aiki a wata ƙasa mai sanyi, da ya dawo sai ya sa wa matarsa na'urar ɗumama gida saboda ciwon gwiwa. Bayan rasuwarta ya koma wajen ɗansa, ya bar wa surukina gidan haya don sun saba a masallaci. Irin wannan na'ura ba kasafai ake ganinta a garin ba, har maƙwabta kan leƙo su kalla. A kicin akwai farin akwati manne da bango, gas ke ci a cikinsa yana dafa ruwa. A gefensa akwai ɗan injin da ke tura ruwan cikin bututu ya zaga ɗakuna. A kowane ɗaki kuma akwai ƙarfe mai haƙarƙari jikin bango, shi ke yin zafi. A goshin akwatin akwai wani abu kamar agogo mai allura ɗaya, da shiyyar kore da shiyyar ja. Duk wannan na gani, ban gane ba, ban kuma damu in gane ba tunda ɗakin yaron da ɗumi.

Abin da ya tsone mini ido shi ne wani jan tanki da ke zaune a ƙasa, a lungun kicin, girmansa bai wuce tulu ba. Daidai inda nake son ajiye ƙatuwar tukunyar da muka sayo a kasuwar Ataba don ruwan wankan jego. Kullum sai na yi tuntuɓe da shi. Kuma ni a iya sanina, tanki ba ya zama a ƙasa. Na gidana da kaina na tsaya aka yi masa ƙafafun ƙarfe aka ɗora shi ya fi katanga tsawo. Na makaranta ma haka. Kowane yaro ya san ruwa daga sama yake gangarowa. Ga shi kuma a benen nan ruwan famfo kan ɗauke da hantsi, wani lokaci sai bayan la'asar ya dawo, ga mai jego, ga wankin jariri. A ce akwai tanki a gida, an yar da shi a ƙasa, ba ko famfo a jikinsa, wannan a wajena sakaci ne irin na gidan da ba babba.

Kwana biyu bayan suna, surukina ya koma makaranta don jarrabawa ta matso. Yana fita na ce wa 'yata ta sa mai gadin bene ya kira mana mai gyaran famfo.

Ta ce, "Umma, ko a bari sai ya dawo?"

Na ce, "Tankin ruwa zan jira yaro a kai? Ke dai ki faɗa wa mutumin abin da na ce."

Ta kira mai gadin. Mai gyaran ya zo, mutum mai fara'a, ya kalli tankin ya kalli akwatin, ya sosa ƙeya. Ina jin shi ma ranar ya fara ganin irinsu. Na nuna masa wata ma'ajiya da ke saman ƙofar kicin, wadda suke kira sandara, na ce can nake so. Ya kwance tankin, ya toshe gurbinsa, ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya cusa. Sannan ya yanki bututun da ya fi kusa, wanda ya taso daga injin turawa ya bi ta ƙasan silin, ya jona a nan. Na sa ya yi mini makulli a hanyar, da ɗan famfo a gindin tankin. Ya ƙara wa na'urar ruwa, ya kunna, ta kama. Ya ce, "Tamam, ya Hajja." Na ajiye tukunyata a lungun, raina fari ƙal.

Da yamma surukina ya dawo. Ina tsakar ɗaki na ga ya shiga kicin shan ruwa, ya tsaya ya daɗe, kansa a ɗage. Da ya fito ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni kamar kullum, idonsa a ƙasa. Na amsa ina kallon bango. Ya tashi ya shige ɗakinsu.

Haka muke da shi tun da na zo. Ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabana ba. In ina falo, ta gefen bango yake raɓawa ya wuce. Gida ɗaki biyu da falo, amma in yana da magana da ni sai ya faɗa wa matarsa, ita ta kawo. Ita kuma 'yar fari ce, tun tana ƙarama ban sake mata fuska ba, ban kama sunanta ba, haka aka yi mini, haka na yi mata. In ta kawo saƙo sai ta rage masa kaifi har ya zama ba saƙo ba. A lokacin ina alfahari da hakan. Ina cewa a raina, ga su a ƙasar Larabawa amma ba su zubar da tarbiyya ba.

Washegari da safe, bayan ya fita, na hau kujera na murɗe makullin, don ruwan da tankin ya tara kada ya zurare. Ba a yi awa ɗaya ba na ji wani tsiii daga kicin. Na leƙa na ga allurar nan ta haye ja, wani siririn bututu a gindin akwatin yana tofar da ruwan zafi a ƙasa. Na tara roba. Can sai akwatin ya yi ɗif. Allurar ta sauko a hankali har ta kwanta, wata 'yar fitila ta kama ƙyaftawa. Kafin azahar ƙarfen ɗakin yaron ya yi sanyi kamar randa.

Na danna duk abin da zai dannu, na'urar ba ta motsa ba. Muka lulluɓe yaron da bargo biyu, uwarsa ta sa shi a ƙirji. Da magariba mijinta ya shigo, ya yi 'yan mintoci a kicin, sai ga na'ura ta tashi. Ɗumi ya dawo, amma ba kamar da ba. Ƙarfen ɗakinsu, wanda shi ne na ƙarshe a layi, ƙasansa ne kawai ke zafi, kuma yana ta ƙugi kamar cikin mai yunwa.

Da safe na hau kujera na tarar da makullina a buɗe. Na ce ko ban murɗe shi da kyau ba ne jiya. Na murɗe har sai da hannuna ya yi zafi. Tsiii, ɗif, sanyi. Magariba ta yi, ya dawo, ta tashi. Kashegari makulli a buɗe.

Kaina ya ɗaure tamau. Ban taɓa haɗa rufe makullin da mutuwar na'urar ba, ko sau ɗaya, don a wajena abu biyu ne daban: wancan tankin ruwa ne, wannan abin ɗumama ɗaki. Na zargi kamfanin gas, na ce ko rage shi suke da rana. Na zargi dattijon mai gida, na ce ya bar wa yara ruɓaɓɓen kaya. Har na fara tunanin ko na'urar an saita ta ne ta yi aiki da yamma kawai. Game da makullin kuwa, na san ba aljani ke buɗe shi ba. Na ɗauka surukina ne ke ɗiban ruwan alwala da asuba ya manta bai rufe ba, kuma ba zan iya tambayarsa ba. Ranar da ruwan famfo ya ɗauke na buɗe ɗan famfon tankin, abin da ya fito ko buta bai cika ba, baƙi ƙirin, yana warin tsatsa. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai haushi ya ƙara kama ni. Na ce ina zai tara ruwan kirki ana barinsa a buɗe kullum.

'Yata ta yi ƙoƙari, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Rana ta uku ina gasa mata jiki ta ce, "Umma, wai dama tankin nan ba na sha ba ne."

Na ce, "Wa ya ce sha za a yi? Wanki za a yi da shi."

Rana ta biyar ta ce, "Ya ce wai in da hali a riƙa barin makullin yadda aka gan shi."

Na ce, "Ki ce masa in ya ɗiba ya riƙa rufewa, shi ke nan magana ta ƙare."

Ta koma kan yaronta. Ni kuma na ji daɗin na koyar da darasi ba tare da na ɗaga murya ba.

Da na ga sanyin rana ya ƙi ƙarewa, hancin yaron ya fara toshewa, sai na koma ga abin da na sani. Na sauka da kaina na sayo gawayi a shagon da ke ƙasan bene, na hura a tsohon kwano, na kai ɗakin na ajiye a gefen gado, na rufe taga na ja labule. Haka aka yi mini a jegona duka shida. Ɗakin ya yi ɗumi, har uwar ta yi barci. Kafin mijinta ya dawo nakan kashe in fitar, ba don ɓoyo ba, don dai na'urar za ta tashi. Kwana uku ina haka.

A rana ta tara da safe yaron ya ƙi kama nono. Numfashinsa ya zama gajere-gajere, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, in ya yi tari ba ya ko iya kuka. Uban bai je makaranta ba. Suka naɗe shi suka sauka da gudu neman tasi. Na bi su har bakin titi da mayafina a hannu, 'yata ta juyo ta ce, "Umma, ki zauna, za mu kira." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na hau benen nan hawa huɗu ina hutawa a kowane hawa.

Asibiti suka riƙe shi da uwarsa. Uban ya dawo da la'asar ɗaukar kaya, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce sanyi ne ya shiga ƙirjin yaron, an sa masa iska, likita ya ce da sauƙi in Allah ya so. Sannan ya ce likitan ya tambaya ko ana hura wuta a ɗakin. Bai ɗago ba, bai kuma faɗi amsar da suka ba shi ba. Na ce Allah ya sawwaƙe. Ya ce amin.

Washegari da hantsi ya zo da wani mutum daga unguwar Ainu Shams, Bahaushen Sudan, dattijo mai furfura a gemu, wanda aka ce ya yi shekaru yana aikin irin waɗannan na'urori a wata ƙasa kafin ya zo Masar. Ya gaishe ni da Hausarsu mai gauraye da Larabci, ya wuce kicin. Ina zaune a falo, ƙofa a buɗe, ina jin komai.

Ya ce, "Ina tankin?" Aka nuna masa. Ya ɗaga kai ya kalla, sannan ya ce, "La ilaha illallah. Wa ya kai shi can?"

Surukina ya ce, "Ni ne."

"Kai ne? Makullin nan fa, da famfon?"

"Ni na sa aka yi."

Mutumin ya buɗe masa wuta. Ya ce kai ɗalibin ilimi ne, abin da ba ka sani ba ba ka tambaya? Ya ce kana da jariri bakwaini a gida kana wasa da abin ɗumi, ya ce da bututun tofarwar nan ya toshe da ba wannan maganar ake ba. Ya ce in ba ka iya riƙe gida ba ka mayar wa mai shi. Surukina ba abin da yake cewa sai "Ma'alish, ya ammu, a yi haƙuri baba, kuskure ne." Mutum mai 'ya'yan wasu a gabansa yana koya musu karatu a masallaci, ana yi masa faɗa kamar ɗan aji uku, a kan abin da ni na yi.

Na daɗe a kujerar nan fiye da yadda nake son in faɗa. Na so in yi shiru, wallahi na so. Sai na ji na miƙe na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Malam, bar shi haka. Ni ce. Ni na kira mai gyara yana makaranta, ni ce kuma nake rufe makullin kullum da safe."

Surukina ya juya ya fuskanci bango, kamar shi aka kama. Dattijon ya kalle ni, ya kalle shi, ya sauke murya. Sauke muryar nan ta fi mini faɗan ciwo.

Ya hau kujera ya kwanto tankin ya miƙo mini. "Ɗauki ki ji, ya Hajja." Na ɗauka, ba nauyi. Ya ce, "Wannan ba ma'ajin ruwa ba ne. Yawancin cikinsa iska ce, da roba a tsakani. Kin taɓa cika tukunya fal, ki danne murfi, ki ɗora a wuta?"

Na ce sai dai in ina son ta yi mini ambaliya.

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ruwan da ke cikin bututun nan a rufe yake. In ya yi zafi ƙaruwa yake, sai ya shiga tankin ya danne iskar, in ya huce iskar ta turo shi ya koma. Da kika rufe masa hanya sai ya rasa inda zai je, ya fita ta ƙasa. Da ya huce ruwa ya kasa, na'ura ta kashe kanta."

Na ce to in an bar makullin a buɗe, ai yana iya zamansa a sama.

Ya girgiza kai. Ya ce shi wannan irin ba ruwansa da sama ko ƙasa, abin da ya dame shi shi ne a wane bututu aka jona shi. Ya dafa wani bututu ya ce in taɓa, na ji ɗumi kaɗan. Ya ce wannan shi ke dawo da ruwa bayan ya zaga ɗakuna ya huce, kuma a nan tankin zai zauna, dab da bakin injin, ta wajen da yake zuƙa. Inda muka kai shi kuwa ta wajen da injin ke turawa ne, ga zafi yana cin robar, ga shi yana sa bututu ya riƙa jawo iska, shi ya sa ɗakin ƙarshe ke ƙugi ba ya ɗaukar zafi. Maganar tukunya na gane ta sarai. Wannan ta gaban inji da bayan inji kuwa, sau uku ya maimaita, har da zane a bayan kwalin shayi, na ce na gane don kawai ya daina. Har yau da nake rubutun nan ban gane ba.

Da hannuna na janye tukunyar wankan daga lungun. Ya mayar da tankin gurbinsa, ya cire makullin da famfon ya jefa a jakarsa, ya toshe inda aka yanka. Ya ƙara ruwa har allura ta tsaya a kore, ya bi ɗakuna da wani ɗan mabuɗi yana fitar da iska daga ƙarafunan. Kafin azahar gidan ya ɗauki ɗumi ko'ina, har ƙarfen ɗakin ƙarshe, sama da ƙasa, ba ƙugi. Na shiga na zauna a bakin gadon, ga ɗumi, ba yaron da aka yi dominsa. Na yi kuka a nan, na kuma ji haushin kaina da na su biyun gaba ɗaya.

Kwana huɗu suka yi aka sallamo su. Yaron ya rame, abin da dama ba auki, amma yana kama nono, numfashinsa ya daidaita. Uban ya ajiye kaya ya fita sayo magani. Na dafa ruwa na kai banɗaki, na dawo na tarar da 'yata zaune ta jingina bayanta da ƙarfen bango, yaron a cinyarta.

Na ce, "Kun san makullin ne tun farko?"

Ta ce, "Dattijon mai gidan ya faɗa masa tun ranar da ya ba shi mabuɗi, kada a taɓa jan tankin. Kullum in ya dawo sai ya buɗe ya ƙara ruwa. Ya nemi mutumin nan tun a satin, yana wani aiki a wajen gari."

"Gawayin fa?"

"Na san likita ya hana hayaƙi."

Raina ya ɓaci, muryar shugabar makaranta ta taso mini. Na ce, "Kina kallo ɗanki na shaƙar hayaƙi, kina da baki, ki kasa cewa Umma bari? Kwana tara fa yana shan sanyi. Me ya hana ki?"

Ta ɗago ta kalle ni cikin ido, abin da ban tuna ranar da ta taɓa yi ba. Ba da tsiwa ba, a gajiye take.

Ta ce, "Umma, ban san yadda ake faɗa miki ba. Ba ki taɓa koya mini ba."

Ta miƙo mini yaron, ta tashi ta tafi wanka tun ruwan bai huce ba.